Tankin Faiba Ya Tsage: Yadda Ake Gane Ciwon Da Yadda Ake Liƙe Shi

Duk wanda ya sauka a tashar Unguwa Uku ya biyo titin Zariya zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, in ya ɗaga kai zai ga tankunan ruwa a saman gidaje. Haka abin yake a Tarauni da Darmanawa da Hotoro. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba. Saboda haka mai hali ya kan haƙa rijiyar burtsatse ya ɗora tanki, marar hali kuwa ya sayi jarka wurin 'yan garuwa. A karkara ma tanki ya yawaita. Akwai shi a makarantu da masallatai da ɗakunan shan magani, da inda jama'ar gari suka haɗa kuɗi suka yi rijiya mai aiki da hasken rana.

Tanki iri uku ne. Akwai na ƙarfe, akwai na roba, akwai na faiba. Wannan bayani a kan na faiba ne. Amma dabarar ɗaya ce ga duk abin da aka yi da faiba, kamar wasu jiragen ruwa masu inji, da rumfar bayan motar a-kori-kura, da kwanon rufi mai barin haske ya shiga ɗaki.

Mutane da yawa ba sa kula da ɗan ɗigon da tanki ke yi. Sai su ajiye bokiti a ƙarƙashi su ce ai ba yawa. To ga lissafi. Tankin da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 4 a kwana ɗaya. A wata guda ya haura lita 120, wato kusan jarka biyar mai cin lita 25. Ban da wannan, tsaga ba ta tsayawa yadda take. Kullum aka cika tanki tana ƙara buɗewa.

Mene ne faiba?

Wanda ya taɓa kwaɓa ƙasar gini ya riga ya san sirrin faiba. Ƙasa ita kaɗai in ta bushe tsagewa take yi. Shi ya sa magina ke zuba mata ramno, ciyawar ta riƙe ta. In an gama gini kuma sai a yi yaɓe, a shafe da makuba don kada ruwan sama ya ci bangon.

Faiba ma haka take. Zare ne na gilashi, siriri kamar gashi, an tara shi ya zama ƙyalle. Wannan shi ne ramnon. Sai a jiƙa ƙyallen da wani danƙo mai kauri kamar zuma, ana kiransa rezin. In an ɗiga masa maganin daskarewa, wanda masu sana'a ke kira hadna, sai ya daskare ya yi tauri. Ana jera ƙyallen hawa-hawa har bango ya yi kauri. A waje kuma akwai wata fata mai santsi da launi, kaurinta kamar rabin milimita, ba ta fi kaurin farce ba. Ita ce makubar. Ita ke kare zaren daga rana da ruwa.

A ƙasar Amurka aka fara yin wannan zare da yawa a masana'anta, cikin shekarun 1930. Kamfanin Owens-Corning da aka kafa a 1938 shi ya yaɗa shi. A 1953 kamfanin Chevrolet ya fito da motar Corvette mai jikin faiba. A 1968 kuma aka fara ƙera wani ɗan ɗakin kwana mai taya a Kanada, sunansa Boler, mota ke jan sa in za a yi tafiya mai nisa. Masu irin waɗannan ɗakuna da kansu suke liƙe ƙananan tsaga, da irin kayan da za a ambata a nan. Faiba ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, kuma in ta fashe tana karɓar faci.

Faiba ce ko roba?

A nan ne aka fi asarar kuɗi. Yawancin baƙaƙen tankunan da ake gani an jera a bakin titi a Kano na roba ne. Rezin ba ya kama irin wannan roba. Za a shafa, ya bushe, ya yi kyau a ido. Bayan kwana biyu sai facin ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai. Don haka kafin a sayi komai, a fara tabbatar da irin tankin.

A leƙa ciki. Tankin roba yana da santsi ciki da waje, yana da maiƙo-maiƙo a hannu kamar kyandir. Na faiba in an yi shi da hannu cikinsa yana da kaushi, ana ganin zanen zaruruwa a kwance. A ƙwanƙwasa. Roba tana ba da ƙara mai taushi, faiba tana ba da ƙara mai kaifi kamar busasshiyar ƙwarya. In har yanzu da shakka, a kankaro ɗan kaɗan daga bakin murfi da wuƙa. Roba tana fita a nannaɗe kamar an fere sabulu, kuma in an jefa ta a ruwa tana yawo a sama. Faiba gari take fitarwa, gutsurenta kuma nutsewa yake yi.

In roba ce, gyaranta na wuta ne. Masu liƙin bokiti da jarka sun san shi. Ana narka bakin tsagar da ƙarfe mai zafi, a cike da wata roba irinta. Faiba kuwa ba ta narkewa. In an sa mata wuta ƙonewa za ta yi ta yi baƙi, a ƙara mata ciwo.

Neman inda ciwon yake

Inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ne ya fashe ba. Ruwa yana bin jikin tanki ya gangara ya ɗiga a wani wuri daban. Sau da yawa ma tankin lafiyarsa ƙalau. Bakin bututu ne ya saki, ko robar da ke toshe shi ta mutu. Wannan aikin mai gyaran famfo ne, ba ya bukatar rezin. Haka kuma manyan tankuna masu kusurwa huɗu da aka haɗa falle-falle da kusoshi, yawanci a mahaɗa suke yoyo. Ɗaure noti ko sake robar mahaɗar shi ne maganinsu.

Ga hanya mai sauƙi. A cika tankin, a goge jikinsa ya bushe sarai. A barbaɗa toka ko garin alli a wurin da ake zargi. Inda tokar ta fara jiƙewa, nan ne bakin ciwon. A zagaye shi da gawayi. Wata hanyar kuma ita ce a zubar da ruwan, a leƙa ciki da rana tsaka. Haske yana shigowa ta inda ya tsage ko ya yi siriri. Da dare wani ya haska tocila daga waje, wani ya duba daga baki.

An fi samun tsaga a ƙasan tanki da kewayen bakin bututu. Dalili shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 1,000 in ya cika, nauyin ruwansa daidai yake da buhu goma masu kilo 100. In akwai tsakuwa guda a ƙarƙashi, ko ƙarfen da aka ɗora shi a kai ya bar wani sashe a reto, nan zai fara tsagewa.

Da an samu wurin, sai a duba zurfin ciwon, don kowanne da irin maganinsa.

Mafi sauƙi shi ne ƙarzuwa. Fatar waje ce kawai ta kurje, ba a ganin zare. Akwai kuma dusashewa. Rana ta daɗe tana dukan tanki, in an shafa hannu sai farin gari ya biyo. Waɗannan biyu ba sa yoyo. Amma alama ce makubar ta fara tafiya.

Sai ƙananan tsaga masu kama da saƙar gizo-gizo. Suna fitowa ne inda wani abu ya bugi tankin, ko inda bango ke lanƙwasawa. Yawanci a fata suka tsaya. Duk da haka kada a raina su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa yana bin su ya kai ga zaren, ya riƙa raba shi da rezin a hankali.

In hakan ya daɗe, sai hawa-hawan bangon su rabu da juna daga ciki. Wannan ciwo ido ba ya ganinsa, kunne ke jin sa. A ɗauki tsohon kwabo ko gindin cokali a riƙa ƙwanƙwasawa, a fara daga wuri mai lafiya a matso. Wuri mai lafiya yana cewa ƙwas-ƙwas. Wurin da ya rabu yana cewa bum-bum, kamar yaɓen da ya saki bango. In an danna da babban yatsa ya kan lotsa. A bi iyakar wurin da gawayi. Sau da yawa za a tarar ciwon ya fi abin da ido ya gani faɗi. Wani lokaci kuma fatar kan yi ƙuraje masu ruwa a ciki. In za a fasa su a kare ido, ruwan yana da tsami kuma yana iya fesowa.

Na ƙarshe shi ne tsagar da ta huda bango, ko rami. Shi ne mai yoyo.

Kayan aiki

Ana bukatar rezin da hadnarsa, da ƙyallen faiba, da samfefa mai kaushi lamba 60 ko 80, da mai laushi lamba 220 da 400. Sai asiton na goge wuri, da ƙaramin buroshin fenti, da almakashi, da sirinji marar allura, da tsohuwar roba da ba za a sake cin abinci a cikinta ba. Sai safar hannu, da takunkumi, da tabarau. A tambayi masu sayar da fentin mota, ko masu bugun mota da ke garejojin titin Zariya da titin Maiduguri, za su nuna inda ake samu. A Sabon Gari da Ƙofar Ruwa ma ana tambaya.

Kada a sayi rezin da yawa. Ba ya ajiyuwa. Cikin 'yan watanni yake lalacewa, a zafin Kano ma ya fi sauri. Wanda ya yi gudaji ko ya yi kauri kamar tuwo ya mutu, a bar wa mai shago kayansa.

Yadda ake faci

Ƙarzuwa da dusashewa ba su da wahala. A wanke, a goge da samfefa mai laushi da ruwa, a bari ya bushe, a shafa fenti mai haske. Farin fenti yana rage wa tanki zafin rana. Saƙar gizo-gizo kuwa fenti kaɗai ba ya rufe ta, za ta sake fitowa. Sai an bi kowace tsaga da tsinin wuƙa an buɗe ta kaɗan, an goge da asiton, sannan a cike da rezin.

Tsagar da ta huda ita ce mai aiki. Da farko a zubar da ruwan duka. In tankin na sama ne a sauko da shi, ya fi a yi aiki a kan tsani. A bar shi ya bushe kwana biyu ko uku. Wannan shi ne wurin da gaggawa ke ɓata aiki. Rezin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, ko da laima ce kaɗan a cikin zaren.

A huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar, don ta daina tafiya. Sannan a ci wurin da samfefa mai kaushi. A cire duk abin da ya yi fari ko ya yi laushi, har a kai ga bango mai ƙarfi. Kada a bar bakin a tsaye. A kwantar da shi ya yi gangare kamar cikin faranti. Ƙa'idar masu sana'a ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin bangon sau goma sha biyu. In kaurin bango milimita 5 ne, gangaren zai kai santimita 6 ta kowane gefe, wato kamar faɗin yatsu uku. Mutum zai ga kamar yana ƙara ɓarna. Amma a kan wannan gangare facin zai kama, kuma yawan faɗinsa yawan ƙarfinsa.

A share ƙurar, a goge da tsumma mai tsabta da asiton. Daga nan kada a sake taɓa wurin da hannu, maiƙon hannu yana hana kamu. In rami ne, a tokare bayansa da kwali da aka naɗe da leda. Rezin ba ya kama leda, saboda haka in ya bushe kwalin zai fita da sauƙi.

A yanka ƙyalle guda uku ko huɗu, kowanne ya ɗan fi na gabansa girma. A yanka su duka kafin a haɗa rezin, don daga an haɗa babu sauran lokaci. Masu sana'a sun rabu biyu, wasu da babban suke farawa, wasu da ƙaramin. Duka biyun suna riƙewa in an danne su da kyau.

Awon hadna shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rezin. A sauƙaƙe, ƙaramin gwangwanin madara cike da rezin yana ɗaukar mililita 2 a lokacin zafi, mililita 3 a lokacin sanyi. Da sirinji ake aunawa, ba da ido ba. In hadna ta yi yawa, rezin zai yi zafi ya daskare a hannu, facin kuma ya yi gautsi. In ta yi kaɗan, zai kwana yana danƙo. A watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, rabin gwangwani ya isa a haɗa a lokaci guda. Minti goma zuwa sha biyar kawai ake da su kafin ya fara kauri.

A shafa rezin a wurin. A ɗora ƙyalle na farko. A riƙa dannawa da kan buroshi, tsaye-tsaye, ba ja irin na fenti ba. Ƙyallen fari ne. In ya sha rezin sai farin ya ɓace ana ganin bayansa. Duk inda fari ya rage, iska ce ta maƙale, a danne ta ta fita. Sai a ɗora na biyu tun na farko bai bushe ba, haka har a gama. Kada a malala rezin da yawa. Ƙarfin facin a zaren yake, rezin haɗawa kawai yake yi. A ƙarshe a rufe da leda mai santsi a shafe ta, don saman ya bushe ba danƙo kuma ƙura ba ta zauna ba.

A yi aikin a inuwa, inda iska ke wucewa. Da safe ya fi a lokacin bazara. A lokacin hunturu a jira rana ta ɗaga, don sanyin asuba yana hana rezin daskarewa, kuma a kare wurin daga ƙura. Da damina a zaɓi ranar da babu hadari. Cikin awa ɗaya ko biyu facin zai yi tauri, amma a ba shi kwana guda cur. Sannan a ɓare ledar, a goge da samfefa, a shafa fenti.

Tankin ruwan sha daga waje ake masa faci. Rezin na kasuwa ba duka ya dace ya taɓa ruwan sha ba. In dole sai an yi daga ciki, akwai rezin na musamman don haka, kuma aikin gwani ne. Bayan gyara a bar tankin a buɗe kwana biyu ko uku ya sha iska. A wanke shi. A cika a zubar, a ba shuka ruwan farko. Muddin ana jin warin rezin a ruwa, kada a sha.

Abubuwan haɗari

Hadna ruwa ce fara kamar ruwan sha, amma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum. In ta shiga, a wanke idon da ruwa mai tsabta har minti 15 ba tsayawa, a tafi asibiti nan take. Kada a zuba ta a robar lemo. A ɓoye ta inda yara ba sa kaiwa, nesa da rana da murhu.

Wasu shagunan suna ba da kwalba ta uku, mai ruwa launin shuni, wanda ke sa rezin saurin kamawa. Wannan a cikin rezin ake fara zuba shi a juya sosai, sannan a sa hadna. In shi da hadna suka haɗu su kaɗai, wuta suke kamawa, har su kan fashe. Ko ajiya kada a yi musu wuri ɗaya.

Asiton da rezin duka suna kama wuta, ban da sigari ko murhu kusa. Warinsu yana sa jiri. Kada kowa ya shiga cikin tanki da su, mutum yana iya suma a ciki. Ragowar rezin da ya rage a roba yana ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi, a ajiye shi a fili a kan ƙasa sai ya huce. Ƙurar faiba kuma tana sa ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero, tana kuma cutar da ƙirji. A sa takunkumi da riga mai dogon hannu. In an gama a yi wanka da ruwan sanyi da sabulu, ban da susa.

Wanda ya fi ƙarfin gyaran gida

Tsagar da ta wuce taƙi ɗaya, ko wadda ta bi kewayen gindin tanki, ko wuri mai faɗi da ya yi laushi, a kira gwani. Tankin da ya tsufa har zare ya fito fili ko'ina, facinsa asarar kuɗi ne. A sauko da shi a yi ajiyar hatsi ko dusa. Jirgin ruwa kuwa rayuka yake ɗauka. In tsagar a ƙasansa take, ko a inda ake ɗaura inji, kada mai koyo ya gwada hannunsa a nan. Hular kwano ta mai babur in ta tsage ba a liƙe ta, sakewa ake yi.

Kafin a mayar da tanki wurinsa, a gyara abin da ya fasa shi. A share daɓen, a tabbatar ya miƙe babu tsakuwa. In a kan ƙarfe yake, a shimfiɗa katako mai kauri yadda duk gindin zai zauna. Bututun da ke rataye a tokare shi, kada nauyinsa ya riƙa jan bakin tanki. Sannan a zuba ruwa zuwa rabi, a barbaɗa toka a kan facin, a bari ya kwana. In da safe tokar a bushe take, sai a cika.